Buhun Faɗan Haladu

Daren jiya Haladu mai gyaran rediyo ya yi wani mafarki. Shi kuwa ba gwanin ba da labari ba ne, sai ya faro daga tsakiya ya ƙare a farko, saboda haka gara ni in ba ku.

Amma ku fara jin abin da ya kwanta da shi a ransa. Shekara shida ke nan Haladu ba ya ga-maciji da yayansa Lawandi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma unguwarsu ɗaya a Malumfashi. Dalilin kuwa gwangwanin madara ne. Ranar addu'ar bakwai ta mahaifiyarsu, Lawandi ya share ɗakinta, ya haɗa da wani tsohon gwangwani da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ya kai juji. Haladu na jin haka ya ci kwalarsa a gaban 'yan zaman makoki, har riga ta dare gida biyu. Tun daga ranar ko sallama ba ta sake haɗa su ba.

To jiya da la'asar Lawandi ya zo bankwana, domin yau da ƙarfe bakwai na safe mota za ta kwashe maniyyata zuwa sansanin alhazai a Katsina. Shekararsa sittin da takwas, ga hawan jini ga ciwon zuciya, kowa a dangi yana addu'ar ya dawo amma ba wanda zai rantse. Ya bi gida-gida yana neman gafara kamar yadda aka saba. Da ya iso ƙofar ƙanensa, gogan naku ya laɓe bayan ƙyaure, ya ce wa matarsa Asabe ta ce ba ya nan. Ta faɗa, don ba yadda za ta yi. Takalmansa kuwa ga su nan a bakin ƙofa, Lawandi ya dube su, ya juya.

A mafarkin, Haladu ya ga kansa da rana tsaka a kan wata hanya da bai sani ba, ɗauke da buhu a ka. Buhun yana da ɗumi, yana numfashi a hankali. Ba wanda ya gaya masa, amma ya san faɗansa da Lawandi ne a ciki, ya kuma san so yake ya jefar da shi kafin bakwai ta buga, ba tare da ya haɗa ido da kowa ba.

Ana ruwa. Sai dai ruwan garin daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama, saboda haka mutane sun ɗaure bakin wandunansu da igiya, kansu a bushe. Wata tsohuwa tana share titi, tana tura sharar zuwa cikin ɗakinta.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Haladu. "Don Allah ina ne juji a garin nan?"

"Me ka kawo?"

"Faɗa ne."

"Ɗanye ko busasshe?"

"Shekararsa shida."

"Af, ai ya zama gaba. Juji ba ya karɓar irin wannan sai da takarda. Ka miƙe har ka gaji, sai ka yi hagu."

Ya yi godiya ya miƙe. Yana cikin tafiya wata farar mota ta wuce ta saman kansa, tayoyinta na kallon gajimare, cike da mutane sanye da kaya iri ɗaya. Lawandi na zaune a bakin taga yana ɓare lemo. Bai dubo ƙasa ba. Haladu ya gaji, ya yi hagu.

Sai ga shi a ofis. Ofis sosai, da fanka da benci da labule, sai dai duk ma'aikatan awaki ne. Ƙofofi huɗu ne a jere, kowace da allo a samanta an yi rubutu da Turanci. Wani bunsuru mai tabarau, wanda da gani shi ne babba, ya lura Haladu na ta ɗaga kai, sai ya taso ya karanta masa allunan da murya irin ta masu labaran rediyo. Ya daɗe yana zuba Turanci, gemu na rawa. Da ya gama, wata jar akuya da ke zaune a teburin farko ta fassara.

"Ranka ya daɗe ya ce waccan ta gutsattsari ce, waccan ta shara, wannan ta faɗa, ta ƙarshe kuma ta zubarwa. Bi layi."

Layin ƙofar faɗa ya fi kowane tsawo. Wasu mata biyu sun kawo cacar baki a kwano, sun rufe da faifai, tana ta tafasa tana ɗaga murfin. Wani ƙato ya jawo dambe da igiya kamar ragon layya. Wani dattijo kuma sa-in-sa ce kawai ya ƙunso a leda, yana ta ba kowa haƙuri wai ba tasa ba ce, ta surukinsa ce ya aiko shi. Kowa ya ga buhun Haladu sai ya matsa masa, irin yadda ake matsa wa mai ɗauke da gawa.

A bango akwai agogo, wani ɗan taure ya taka kujera yana cinye lambobinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya riga ya gama da ɗaya da biyu da uku. Haladu ya duba, bakwai na nan tukuna.

Jar akuyar ta miƙo masa takarda. Ya cike suna da unguwa da sana'a, ya mayar mata. Ta karɓa ta tauna ta haɗiye.

"An shigar," ta ce. "Ɗora a sikeli."

Ya ɗora. Allurar sikelin ta yi yawo ta tsaya a kan Alhamis.

"Tabɗi," in ji akuyar, ba tare da ta nuna mamaki ba. "Ya yi ƙiba. Me kake ba shi?"

"Sallama," in ji Haladu. Shi kansa bai san ya san amsar ba sai da ya ji ta a bakinsa. "Duk wadda ban yi wa yayana ba, shi nake ba. Da barka da Sallah goma sha biyu. Da gaisuwar mutuwa ɗaya, lokacin da jikarsa ta rasu."

"Ita ce ta sa masa wannan kitsen. Ina mai ɗaya kunnen buhun? Faɗa ai kunne biyu gare shi."

"Yana haramar Makka."

Bunsuru ya leƙo ta saman tabarau. "Lawandi? Ya ajiye nasa kunnen jiya da la'asar. A ƙofar gidanka ya ajiye, kusa da takalmanka. Mun aika an ɗauko."

Haladu ya ji kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannunsa. Amma ya dake, don shi mutum ne da ko rediyo ta ƙone ƙurmus a hannunsa sai ya ce dama haka aka kawo ta.

"To shi ke nan, ga nawa. Ku karɓa in tafi."

Bunsuru ya zagaya buhun, ya shinshina, ya sa ƙaho ya ɗan tunkuɗe shi. Wani abu ya yi ƙwal a ciki.

"Ba za mu karɓa ba."

"Saboda me, ranka ya daɗe?"

"Akwai kayan wani a ciki. Mu nan ba ma zubar da faɗa da kayan mutane a cikinsa. Kai shi sashen gutsattsari a tsince."

Ɗan tauren nan ya gama da huɗu, yana lasar biyar.

Ƙofar gutsattsari ƙarama ce, sai da ya durƙusa. Bayanta kuwa fili ne da ido ba ya ganin ƙarshensa, an shimfiɗa tabarmi, an tara duk wani ɗan guntun abu da ɗan Adam ya taɓa yarwa. Ga tsibin guntayen sabulu, ga na ƙarshen fensir, ga tsinkakkun silifa, ga ƙyallayen tela, ga ƙullin zare. Can gefe an ɗaura igiya an shanya maganganun da mutane suka fara ba su ƙarasa ba, iska na kaɗa su. Haladu, wanda a shagonsa ko ƙonannen batir ba ya iya jefarwa, ya ji kamar ya zo gida.

A tabarma ta uku ya ga Inna, mahaifiyarsu. Tana zaune ta miƙe ƙafa, faifai a cinya, tana tsince maɓallai. Bai yi mamaki ba, ita ma ba ta yi ba.

"Auta, ka rame. Asabe ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya. Sauke nan, kada ka taka mini na kore."

Ya sauke. Ta sa haƙori ta kwance bakin buhun. Faɗan ya fito yana miƙa. Ba shi da kai, ba shi da ƙafa, baki ne kawai da ɗan gashi-gashi. Ya ja jiki ya koma gefen tabarma ya kwanta, Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zura hannu har kafaɗa cikin buhun ta zaro gwangwanin madara, ya yi tsatsa, murfin a lotse. Ta buɗe ta juye a faifai.

Ta ɗaga wani ɗan abu fari. "Na wa ne wannan?"

"Haƙorin Yaya ne. Wanda jakin Baba ya fasa masa yana ɗan shekara goma."

"Wannan fa?"

"Kusurwar allonsa. Ranar da ya faɗi da shi a bakin rijiya."

"Wannan?"

"Ƙyallen rigar Sallarsa, mai ruwan toka."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Maɓallin kakinsa na lokacin da ya fara aikin gadi a asibiti. Guntun igiyar da ya ɗaure akuyarsa ta farko. Rabin hoton da aka yanke, saura kunne da kafaɗa. Haladu bai yi kuskure ko ɗaya ba, kuma dole ne, don ba yau ya fara ganinsu ba.

Nan ne fa zancen yake, jama'a. Lawandi ɗan fari ne, Inna kuwa mace ce ta da, mai tsananin alkunya. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta ci abinci kwano ɗaya da shi ba, in ya shigo da gaisuwa sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Yana ɗan shekara biyu kakarsa ta ɗauke shi. Ko a shekara biyun ƙarshe da ta yi tana jinya, shi ke ɗaga ta shi ke kwantar da ita, amma iyakarta da shi "kai" ko "wancan". Haladu kuwa auta ne, shi ne na cinya, shi ne na ƙanzo da sukari. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya buɗe gwangwanin nan yana neman alewa, ya ga abin da ya gani, ya zazzage har ƙasa yana neman nasa ko da ɗaya, bai samu ba. Ya mayar ya rufe. Shekara arba'in da biyar bai gaya wa kowa ba, saboda kishi, ba wani abu ba.

"Inna," ya ce, muryarsa ta koma ta yaro. "Nawa fa? Ko zare ɗaya babu."

Ta ci gaba da tsince maɓallanta.

"Kai ai gaba ɗayanka nake da kai. Na goya ka har ƙafarka na jan ƙasa. Sunanka kuwa na kira har maƙwabta suka gaji da ji. Shi wancan guntu-guntu aka bar mini, su nake bi ina tsincewa."

Ruwa na tsattsafowa ta tsakanin tabarmi yana wucewa sama.

"Ya buɗe kafin ya jefar?" ta tambaya.

"Bai buɗe ba. Ya ɗauka tarkace ne."

"Ai tarkacen ne. Ka gaya masa na wane ne?"

"A'a."

"To me ka yi?"

"Na yaga masa riga."

"Mai kyau?"

"Shadda ce."

"Ash-sha," in ji Inna. Ta hure ƙura daga wani maɓalli ta jefa shi cikin na kore.

Sai a lokacin Haladu ya ga abin sarai, kuma ya tsorata. Duk duniya mutum biyu ne suka san abin da ke cikin gwangwanin nan, ɗaya tana kabari. Lawandi ya yi shekara sittin da takwas yana ɗauka uwarsa haƙuri kawai take yi da shi, kuma da wannan zaton zai hau jirgi da zuciyar da likita ya ce a lallaɓa.

"Inna, ki gaya masa da kanki mana."

Ta ɗago a karo na farko, ta riƙe haɓa. "Ni? Ɗan fari? Kai, Auta, wallahi ba ka da ta-ido."

Jar akuya ta leƙo ta ƙaramar ƙofa ta ce an kusa tashi, shida ta tafi. Haladu ya kwashe kayan faifan ya zuba a gwangwani, ya rungume, ya ruga. Faɗan ya ɗaga baki ya bi shi da kallo, da yake ba wanda ya ba shi abinci tun safe, har ya fara yanƙwanewa.

A bakin ƙofar fita bunsuru ya tare shi.

"Ina za ka da kayan hukuma?"

"Na yayana ne, ranka ya daɗe. Kai ka ce na wani ne."

"Nasa ne, amma an jefar. Abin da aka jefar ba ya komawa. Ajiye."

"To me zan kai masa?"

Bunsurun ya cire tabarau ya goge da kunnensa. "Bakinka ma an jefar da shi ne?"

Ya ajiye gwangwanin a kan tebur. Jar akuya ta buga masa hatimi, ta cinye hatimin.

Waje ruwa ya ƙaru, yana tashi da ƙarfi kamar an buɗe famfo a ƙarƙashin ƙasa. Farar motar nan ta dawo, tana tafe a hankali a saman rufin ofis, direba na danna oda. Lawandi ya gama da lemo, ya jingina kai da gilashi. Haladu ya taka ruwan, ruwan ya ɗaga shi, ya yi sama kamar kamu uku, sai ya tsaya cak, don an ce daga nan sai mai takardar tafiya. Ya buɗe baki ya ƙwala kira, "Yaya!" Kalmar ta fito ta farfashe, ta zube ƙasa gutsi-gutsi kamar garin biskit. Shekara shida ba a yi amfani da ita ba, ta bushe. 'Yan awaki suka taru suna lashewa.

Ya sake gwadawa, ta sake zubewa. Ta tagar ofis yana hango ɗan tauren nan a kan kujera, ya kafa haƙora a jikin bakwai. Lambar ta manne da agogon, ta ƙi fita, yana ta kankara. Ƙurr. Ƙurr. Ƙurr.

Ƙurr. Ƙurr. Asabe ce a tsakar gida take kankare ƙanzo daga tukunyar tuwon jiya.

Haladu ya tashi zaune. Rana ta riga ta shigo ɗaki har ta hau gado. Ya fito ba hula, ba takalmi.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas saura kwata," in ji Asabe, ba ta ɗago ba. "Sau uku ina tashinka sallah, Malam, kana ce mini in bi layi."

"Sun tashi?"

"Tun ɗazu. Na je rakiya na dawo. Kowa ya zo, har mai shayin bakin titi." Ta ci gaba da kankara. "Yana ta waige-waige har mota ta juya kwana."

Haladu ya zauna a kan turmi. Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya tsaya yana kallonta. Lambar Lawandi ya goge ta da hannunsa tun shekarar da abin ya faru, har yana alfahari da haka a majalisa.

Asabe ta ajiye cokali, ta goge hannu da zani, ta kwance wayarta daga bakin ɗankwali. Ta danna sau biyu kawai, wato lambar ba ta da nisa, ta miƙa masa tana ƙara. Ta koma kan tukunyarta, amma ba ta ci gaba da kankarar ba.

"Salamu alaikum, Asabe, kin isa gida?" Muryar ta fito cikin ƙugin mota da hayaniyar mutane.

"Yaya, ni ne."

Can wani a cikin motar yana tambaya ko an wuce Kankara.

"Yaya, gwangwanin nan na Inna. Ka buɗe kafin ka jefar?"

"Haladu, don girman Allah, yau ma? Ina kan hanyar ɗakin Allah. Ban buɗe ba. Na ce ka yafe mini."

"Ba shi nake nufi ba. Haƙorinka ne a ciki, wanda jaki ya fasa. Da kusurwar allonka, da ƙyallen rigar Sallarka mai ruwan toka, da maɓallin kakinka. Duk naka ne, Yaya, babu nawa ko ɗaya. Na sani tun ina yaro, baƙin ciki ne ya hana ni gaya maka. Ni ne zan ce ka yafe mini."

Haladu ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta katse. Ba ta katse ba. Da muryar ta dawo, ba irin wadda ya sani ba ce, ta yi ƙasa.

"Auta, kada ka kashe. Sake faɗa mini. A hankali, ɗaya bayan ɗaya."